Tambaya da Amsa: Kallon Tsuntsayen Daji da Ɗaukar Hotonsu a Cikin Gida

Yawancin saƙonnin wannan wata daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne: yadda mutum zai jawo tsuntsayen daji zuwa garkarsa ko tsakar gidansa, ya kalle su, ya ɗauki hotonsu. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Na ga bidiyo a Facebook, wasu manyan aku farare masu tukku rawaya suna sauka gidan wani mutum suna cin ƙwaya a kan dakalinsa. Akwai su a dazukanmu? Me zan zuba su zo gidanmu? Daga wani ɗalibi a Sumaila.

AMSA: Ɗan'uwa, wanda ka gani kokatu ne, kuma ko buhu guda ka zuba ba zai zo Sumaila ba, don babu shi a dajin Afirka. Dangin kokatu iri 21 ne, mazauninsu Ostireliya da tsibirin Sabuwar Gini da Indunusiya da Filifin da tsibiran Solomon. Farin nan mai tukku rawaya tsawonsa ya kai kusan rabin mita, ya saba da mutane ƙwarai a birane irin su Sidni, har wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna yadda suke koyon buɗe murfin kwandon shara daga junansu, unguwa bayan unguwa. Can ma masana ba sa son a riƙa cika musu abinci. Idan suka saba suka yi yawa, sai su koma gwaguyar katakon taga da na baranda, kuma cunkoso a wuri ɗaya yana yaɗa wata cuta da ke zubar musu da gashi ta lalata baki.

Mu ma muna da namu dangin akun, wato tsirya, kuma iri biyu za ka iya gani. Akwai koriya shar mai jan baki da dogon wutsiya, tsawonta da wutsiyar kusan santimita 40. Namijin yana da zobe baƙi da ruwan hoda a wuya, macen ba ta da shi. Akwai kuma gajeriya mai kauri, kusan santimita 23, kanta ruwan toka, bayanta kore, cikinta rawaya ko ruwan lemo. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya da ake gani a keji, na kurmin kudu ne, kuma tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Tsirya ba ta cika sauka kan faifai ba. Itace take bi: ɓaure, ɗorawa, gwaba, mangwaro, da zangarniyar dawa. Ramin tsohon itace take yi wa sheƙa, shi ya sa garin da aka sare manyan itatuwansa ba ya ganinta. Idan kana jin ƙararta tana wucewa da safe, ɗaure zangarniyar dawa biyu ko uku a reshe mai tsawon mita uku zuwa huɗu daga ƙasa, nesa da inda ake kai-komo, lokacin rani. Tana da tsoro sosai saboda masu kama ta don sayarwa, kada ka yi mamaki idan sai bayan makonni ta yarda ta sauka.

TAMBAYA: Ina da ɗan lambu a bayan gida, akwai darbejiya da gwaba da zogale. Ina son tsuntsaye su riƙa zuwa kullum don yara su san su. Ta ina zan fara, kuma me zan zuba? Daga wata malamar firamare a Ringim.

AMSA: Malama, fara da ruwa. A ƙasarmu, daga Fabrairu zuwa Mayu, ruwa ya fi hatsi jan tsuntsu nesa ba kusa ba, kuma yana kawo har waɗanda ba sa cin ƙwaya, irin su shaya da sha-kauci da cilakowa. Samo kasko mai faɗi, na ƙasa ya fi, don yana riƙe sanyi kuma ƙafar tsuntsu ba ta zamewa a kansa kamar yadda take yi a roba ko tasar silba. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita biyu a gefe, biyar a tsakiya. Jefa duwatsu uku ko huɗu a ciki, kawunansu a waje, domin ƙananan irin su ba'u da asisi su sami wurin tsayawa. Bokiti ko randa mai zurfi nutsar da su take yi. In kina son su gano wurin da wuri, rataya gorar ruwa a reshe sama da kaskon, ki huda gindinta da allura sau ɗaya, ki ɗan sassauta murfin har ta riƙa ɗiga sannu-sannu. Ƙarar ɗigon da motsin ruwan su ne ke kiran su.

Wurin ajiyewa yana da muhimmanci. A sa shi a inuwa, taku uku zuwa huɗu daga wani itace ko danga mai duhu. Idan ya yi nisa da mafaka, ba za su saki jiki ba saboda shaho. Idan ya manne da duhuwa, kin yi wa kyanwa shimfiɗa. Gidan da ke da kaji da awaki sai an ɗaga shi: a kafa turke mai tsawon ƙirjin babba, a kafa faffaɗan katako a kansa, a naɗa ɗan langa-langa a tsakiyar turken don ɓera ya kasa hawa.

Hatsi kuma a wani faifai daban, aƙalla taku biyu daga ruwan, don kada ƙwaya ta faɗa ciki ta yi tsami. Gero shi ne kan gaba, kusan kowane mai cin ƙwaya yana sonsa. Tsakin dawa ko na masara na kurciya da hasbiya ne. Acca da riɗi da ɓarzajjen gero na 'yan ƙananan. Rabin gwangwanin madara ya isa farawa. Dokar ita ce abin da aka zuba ya ƙare cikin awa ɗaya ko biyu. Idan ana kwana da saura, an yi yawa, a rage. Ragowar da ta kwana ita ke kawo ɓera da gafiya, su kuma su jawo maciji. Ga masu cin 'ya'yan itace, a raba gwanda ko gwaba ko mangwaro biyu, a soka a ƙusa jikin reshe, a cire abin da ya rage da yamma.

Abubuwan da ba a ba su: tuwon da ya taɓa miya, saboda gishiri da mai, gyaɗa mai gishiri, burodi, fiya, wadda guba ce ga tsuntsaye da yawa, musamman dangin aku, da duk gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna. Mafi haɗari a ƙauye shi ne ragowar irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ki gan shi ja ko ruwan hoda, da hatsin da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don ajiya. Ɗan abin da ba zai nuna a jikin mutum ba yana iya kashe tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram goma ba.

A riƙa zubawa lokaci ɗaya kullum, da fitowar rana, sannan a janye yara zuwa nesa su zauna shiru. Kurciya da gwara ne ke fara zuwa, saura su gan su su biyo. Wani gidan kwana uku, wani sai mako biyu ko uku. Kada a yi ta sauya wa kaskon wuri don an gaji da jira, duk sauyi yana mayar da lissafi farko. Ruwan kuwa a zubar a sake kullum, a goge kaskon. Sauro yana buƙatar kusan mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka ruwan da ake sakewa kullum ba ya haifar da shi.

TAMBAYA: Kurciyoyi da wasu jajayen ƙanana suna zuwa gidanmu, amma duk hoton da na ɗauka da waya sai tsuntsun ya fito kamar ɗigo. In na zuƙo kuma sai ya dusashe. Sai na sayi kyamara? Daga wani mai gyaran babur a Gwaram.

AMSA: A'a, Malam, wayarka za ta yi, matsalar nisa ce. Babbar kyamarar waya an yi ta ne don ta kwaso wuri mai faɗi, shi ya sa abu mai tsawon santimita 10, kamar ba'un da kake gani, yake ɓacewa daga taku biyar. Zuƙowa da yatsu biyu a yawancin wayoyi yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi, ba ta ƙara komai. Idan wayarka tana da maɓallin 2x ko 3x mai gilashinsa daban, yi amfani da shi ka tsaya nan.

Tunda kai ba za ka iya matsawa kusa da tsuntsu ba, wayar za ka kai kusa, kai ka koma nesa. Ga yadda ake yi.

Ɗaure busasshen reshe mai kaurin yatsa, mai ɗan kyan gani, kamu ɗaya ko biyu sama da gefen faifan hatsin. Tsuntsu yakan fara sauka a reshe ya duba hagu da dama kafin ya dira kan abinci, kuma wannan 'yar tsayuwar ita ce hotonka, ba lokacin da ya sunkuyar da kai cikin faifai ba. Kafa wani turke santimita 40 zuwa 60 daga reshen, daidai tsayinsa, domin wayar ta kalli tsuntsun ido da ido. Hoton da aka ɗauka daga sama baya kawai yake nunawa. Kafin ka sa wayar, ɗaure guntun baƙin katako mai girmanta a turken na kwana uku ko huɗu, su saba da ganinsa.

Ranar ɗauka, ɗaure wayar da robar tayar babur, ka goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, ka kashe filasha da ƙarar ɗauka, ka sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya shigo ya watsa su. Sai saiti, wanda a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Ɗora kwalin ashana a kan reshen daidai inda tsuntsu zai tsaya, danna hoton kwalin a fuskar wayar ka riƙe har alamar kulle ta fito, sannan ka ɗauke kwalin. In ba ka kulle ba, wayar za ta saita kanta a kan katangar baya, tsuntsun ya fito dishi-dishi.

Hanyar dannawa daga nesa biyu ce. Akwai ɗan rimot na Bluetooth da ake sayarwa tare da sandar selfi, yana aiki har kusan mita 10 in babu katanga a tsakani. Ko kuma ka kunna bidiyo ka tafi abinka, daga baya ka tsayar da shi inda ya yi kyau ka ciro hoton. In wayar tana da 4K, zaɓe shi, don hoton da aka ciro daga ciki yana kai megafiksel 8, na 1080 kuwa 2 ne kacal. Sai dai 4K yana cin wuri, minti ɗaya kan ci megabayit 200 zuwa 400, kuma yana zafafa waya. A watan Afrilu, wayar da aka bari a rana tana bidiyo za ta kashe kanta cikin 'yan mintuna. Yi mata rumfa da guntun kwali.

Haske: rana ta kasance a bayan wayar. Da safe ke nan wayar tana gabas da reshen tana kallon yamma, da la'asar a juya. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara, da kuma daga huɗu da rabi zuwa kusan shida, su ne lokutan. Da tsakar rana inuwa na rufe idon tsuntsu, launinsa ya kwanta, ga shi yana haki baki buɗe. Duba abin da ke bayan reshen kuma. Ganye ko jar katanga da ke nesa da mita uku ko fiye suna fito da tsuntsu. Kwanon rufi mai ƙyalli da farin bango da shanyar kaya suna ɓata hoto, kuma farin bango yana sa wayar ta rage haske har tsuntsun ya koma baƙi.

Abu biyu na ƙarshe. Idan za ka tura hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi gashin tsuntsun ya cuɗe. Sannan ka lura da inda kyamara ke kallo. Wayar da aka bari tana bidiyo a tsakar gida tana ɗaukar muryoyin iyali da duk wadda ta gifta, wadda aka ɗaga sama da katanga kuma tana leƙa gidan maƙwabci. Fuskantar da ita bangonka, ka sanar da mutanen gida, ka saurari bidiyo kafin ka watsa shi.

TAMBAYA: Baba ya hana ni zuba gero, ya ce zan jawo mana jan baki su cinye gona. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Auyo.

AMSA: Wanda ya yi noma a kwarin Haɗeja ya san abin da jan baki ke yi wa shinkafa da gero da dawa, don haka tsoron Baba yana da tushe. Amma rabin gwangwanin gero ba ya kiran su. Jan baki yana tafiya ne dubbai, wani lokaci miliyoyi, yana bin ruwan sama da 'ya'yan ciyawa, yana kwana a cikin kacala da sarƙaƙiyar bakin ruwa. Abin da za ka zuba bai kai ya sauya musu hanya ba.

Inda maganar Baba ta fi ƙarfi shi ne tsuntsayen gari: marai da gwara da kurciya. Waɗannan in suka saba da gida, kuma gonar tana jikin gidan, za su iya komawa kan zangarniya ko kan shanya. Mafita mai sauƙi ce. Daina zuba hatsi daga lokacin shuka har a gama girbi a kai amfani rumbu. Da damina dama ba sa buƙata, ciyawa ta yi 'ya'ya, ga ƙwari da yawancinsu ke ciyar da 'ya'yansu da su. Ka zuba daga Disamba zuwa Mayu. Ruwa kuwa ba ya ɓata gonar kowa. Kai wa Baba wannan tsarin cikin ladabi, in ya ce ruwan kaɗai ya yarda, ruwan ya ishe ka hoto.

Kada kuma a ɗora wa ba'u laifin da ba nasa ba don shi ma bakinsa ja ne. Namijin ba'u jikinsa ja ne, macen ruwan ƙasa, suna yawo bibbiyu ko 'yan kaɗan a ƙasa, har cikin zaure. Jan baki ya fi shi girma, bayansa zane-zanen ruwan ƙasa, kuma da wuya ka gan shi shi kaɗai. In aka ga makwancinsu kusa da gari, malamin gona ake sanarwa. Zuba hatsi mai guba ba ya rage su, kaji da zabi da tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba ne ke mutuwa.

TAMBAYA: Wata kurciya tana zuwa ta kumbura gashinta, tana ɗaukar ƙwaya tana zubarwa, bakinta a jiƙe. Ina da kaji kusan talatin. Me zan yi? Daga wata uwar gida a Ɗambatta.

AMSA: Hajiya, ɗauke faifan da kaskon yau ɗin nan. Alamun da kika faɗa sun yi kama da wata cutar maƙogwaro da ke kama kurciya da tattabara, inda wani abu rawaya yake taruwa a baki har tsuntsu ya kasa haɗiya. Ƙwayar da ya zubar da ruwan da ya tsoma baki su ne ke kai ta ga na gaba. Ba a tabbatar da cuta daga nesa, amma matakin ɗaya ne: a dakatar da ciyarwa mako biyu zuwa uku domin taron ya watse. A wanke kayan da sabulu, a jiƙa su minti goma cikin ruwan bilic, ma'auni ɗaya na bilic cikin tara na ruwa, a ɗauraye sosai, a shanya a rana su bushe ƙayau. Ƙwayar wannan cutar ba ta jure bushewa, shi ya sa yake da kyau a mallaki kasko biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana, ana musanyawa.

Game da kaji, ƙa'idar ita ce kada su haɗa mazubi da tsuntsayen daji ko da kowa lafiya lau yake. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a farkon 2006, Kano na cikin jihohin da ta fara shafa, kuma ta sha dawowa tun daga nan. Wanda kiwon kaji ne sana'arsa, shawararmu kada ya ciyar da tsuntsayen daji kusa da akurki sam. In kika tsinci mataccen tsuntsu, kada a taɓa shi da hannu. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. In sun kai biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, ko kaji suka fara mutuwa, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Busasshen kashin tsuntsu kuma a yayyafa masa ruwa kafin a share, ƙurarsa na iya sa wa mutum ciwon ƙirji.

TAMBAYA: Hoton biki nake ɗauka, ina da Nikon da gilashi 18-55. Na gwada tsuntsaye, wasu hotunan sun yi duhu, wasu kan tsuntsun ya goge. Wane saiti ya dace? Daga wani mai hoto a Gumel.

AMSA: Gilashinka ya yi gajere, nemi 70-300 ko 55-300, ko na hannu ne. Amma ko da shi sai ka matso. A irin ƙananan kyamarorin Nikon da masu biki suka fi riƙewa, milimita 300 daga nisan mita 3 tana ɗaukar faɗin kusan santimita 24, wato ba'u zai cika kusan rabin hoton. Daga mita 10 faɗin ya koma kusan santimita 78, ba'un ya zama kashi ɗaya cikin takwas. Kurciya mai santimita 25 tana cika hoto da kyau daga mita 5. Saboda haka kafa zana biyu a kusurwa, mita uku zuwa biyar daga reshen, ka yanke ɗan rami daidai bakin gilashi, ka bar ta a wurin kwanaki kafin ka fara shiga. Shiga tun kafin a zuba hatsi, da tufafi marasa haske. Tagar ɗaki da aka saki labule ma tana yi. Ɗora gilashin a kan ƙaramin buhun wake ko yashi, ya fi riƙewa a hannu.

Gogewar kai daga saurin ɗauka ne. Juya zuwa S, masu Canon kuma Tv, wato tsarin da kai ke zaɓar saurin ɗauka. Tsuntsun da ke zaune, 1/500 na daƙiƙa. Mai tsattsagar ƙwaya, 1/1000, don kai yana motsi fiye da yadda ido ke gani. Mai wanka ko mai tashi, 1/2000 zuwa sama. Bar ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya zaɓi kansa, ka sa masa iyaka 1600 a tsohuwar kyamara, 3200 a sabuwa. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya goge ba a gyarawa. In haske ya wadata, koma M, inda kai ke saita komai, ka tsuke ƙofar gilashin zuwa f/8, irin waɗannan gilasan sun fi kaifi a nan. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a kan ido, ka sa AF-C, saitin da ke bin abu mai motsi, ka ɗauka a jere uku-uku ko biyar-biyar. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, ganyen da ya fi kusa za ta kama.

Duhun kuma daga sararin sama ne. Tsuntsun da ke kan reshe sama na bayansa, kyamara tana auna hasken saman ta baƙanta shi. Ƙara haske +1, wani lokaci har +1.7. Farin tsuntsu irin balbela a gaban ganye mai duhu akasin haka ne, rage -0.7 zuwa -1, in ba haka ba gashinsa ya ƙone ya zama fari fat babu zane. Shaya tana da wuyar sha'ani: shuɗi da koren nan mai walƙiya sai rana na bayanka daidai yake fitowa, in ta juya kaɗan sai ta koma baƙa. Jira ta juyo. Filashar biki a bar ta a jaka.

Hunturu yana da amfani da illa. Hazo yana tausasa haske har ka iya ɗauka zuwa ƙarfe goma, amma yana kashe launin duk abin da ke nesa, wani dalilin ke nan na matsowa. Kada ka sauya gilashi a waje ranar ƙura, kada kuma ka goge shi da bakin riga. Hure ƙurar da 'yar robar hura iska tukuna, sannan ƙyalle, in ba haka ba yashin ne zai karce shi.

TAMBAYA: Tun da tsuntsaye suka saba da gidana, yaran unguwa suke zuwa da danƙo. Kuma akwai sheƙar kurciya a rumfata, zan iya ɗaukar hoton 'ya'yan? Daga wani dattijo a Rano.

AMSA: Baba, wanda ya saba wa tsuntsu da wuri ya ɗauki amanarsa. In ba za a iya tsare wurin ba, gara a mayar da shi can cikin gida inda ba a hangowa daga waje, ko a daina. Abin da ya fi tsawa aiki shi ne a ba yaran aiki: wannan ya sake ruwa, wancan ya riƙe rimot, wani ya rubuta irin da suka zo. Yaron da ya ga hoton da shi ya danna yakan zama mai gadin wurin.

Sheƙa kuwa a bar ta. Kurciya ƙwai biyu take yi, ta kwanta kusan mako biyu, kuma sheƙarta 'yan tsinke ne da ba su da ƙarfi. In aka tashe ta da rana tsaka, zafi kan kashe ƙwai ko 'ya'yan cikin ɗan lokaci, hankaka kuma yana lura da inda mutum ke yawan leƙawa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, Annabi (SAW) ya ga tana kaɗa fiffike a kansu, ya umarce su da su mayar mata. A ɗauka daga nesa, ba a karya reshe ko a ɗaga ciyawa don sheƙa ta fito, kuma in uwar ta tashi ba ta dawo ba cikin 'yan mintuna, an yi kusa da yawa, a ja da baya.

TAMBAYA: Ƙarshen damina wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki, yana biye da ba'u a gidanmu. Da rani kuma ban ƙara ganinsa ba. Ina ya tafi? Daga wata ɗaliba a Birnin Kudu.

AMSA: Mai yiwuwa bai tafi ko'ina ba, 'yar'uwa, tufafi ya sauya. Siffar da kika bayar ta wani ɗan tsuntsu ce ɗan'uwan zalaidu, wanda namijinsa ke yin baƙi mai sheƙin shuɗi lokacin aure kawai, da rani ya koma ruwan ƙasa mai zane kamar macen. Bin ba'u da yake yi da dalili: macen ba ta yin sheƙa, a ta ba'u take saka ƙwanta, ba'u ya ƙyanƙyashe ya rene shi tare da nasa, har ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan ba'un. Zalaidu ma haka yake zubar da dogon wutsiyarsa bayan damina, haka ma jan tsuntsun nan da cikinsa baƙi ne, wanda ke kan karan dawa a watan Agusta, yake sauya tufafi.

Hanyar tabbatarwa ita ce hoto. Ɗauki na 'yan ruwan ƙasan da ke cin gero tare da ba'u a watan Janairu ko Fabrairu, ki duba ƙafa da kai: wannan ƙafarsa ja-ja ce ko ruwan lemo, kuma yana da zane mai haske a tsakiyar ka da wani a saman ido, abin da macen ba'u ba ta da shi. Manhajar Merlin kyauta ce, tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto. Rubuta rana da wuri a kan kowane hoto, domin Shirin Taswirar Tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta, da irin bayanan masu sa kai yake aiki.